Bukari Tenere da Tayoyin Gaba

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan abincin Hajiya Zuwaira da ke unguwar Belleville a birnin Paris ya san Bukari Tenere, ko yana so ko ba ya so. Ba sai an gabatar da shi ba, shi zai gabatar da kansa tun kafin ka cire safar hannu. Gadin wani babban kanti yake yi, yana tsaye bakin ƙofa yana leƙa jakunkunan mutane, amma in ka ji shi a bakin shayi sai ka rantse shi ya shata hanyar Agadas zuwa Dirku da hannunsa.

"Ni da na keta Tenere," da haka yake buɗe kowace magana, ko da ta ciwon haƙori ake yi.

Kuma gaskiya ne, ya keta wannan hamada. Abin da ba ya faɗi shi ne a saman kaya ya keta ta, zaune kan buhun dabino bisa wata babbar mota, an ɗaure masa ƙugu da igiya don kada gyangyaɗi ya jefo shi. Daga can sama ya ga direba yana rage wa tayoyi iska in an shiga rairayi, ya ga ana shimfiɗa musu farantan ƙarfe in sun nutse. Iyakar karatunsa na mota ke nan, kuma da shi yake koyar da jama'a har yau.

Bana sai ga shi da mota. Ja wur, mai kujera biyu, irin ta tsere, tsohuwar hannu, gajera ta yadda sai ka durƙusa kafin ka shiga. Tayoyinta na baya faffaɗa ne, suna sheƙi, kullum sai ya goge su da tsumma kafin ya goge takalminsa. Ya raɗa mata suna Barewa.

Ana tsakiyar sanyi ƙaninsa Salmanu ya bugo daga Vénissieux, can gefen Lyon. Matarsa Rékia ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji.

"Yaya, sunanka za a sa masa," in ji Salmanu. "Asabar ne suna, bayan azahar. Amma ka san al'adar gidanmu."

Ya sani sarai. A zuriyarsu ba a raɗa wa yaro sunan mutumin da ba ya cikin ɗaki. Mai sunan ne ke riƙe da jariri lokacin da liman zai yi raɗa, shi ne kuma ke tauna dabino ya shafa masa a baki. In bai zo ba, sai a waiwayi dattijon da ke kusa. Bukari ya haura arba'in, ba shi da ɗa, ba shi da takwara ko na ɗan akuya. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ya ce wa 'yan shayi hayaƙin kicin ɗin Hajiya ne.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Dangin Rékia sun so a sa sunan baffanta, Baba Mika'il, wani dattijo Ba'adare da ya yi ritaya, shi ma a Belleville yake zaune. Bukari ya je har gida ya same shi.

"Baba, ni zan kai ka Lyon da kaina, ka ga yadda ake raɗin suna."

"Ɗana, ni jirgin ƙasa nika so. An ce nej za ta sauka, farar ƙanƙarar ga mai zuba daga sama."

"Haba Baba! Surukin gidanmu a jirgi, ga Barewa zaune? Ai sai duniya ta zage ni."

Baba Mika'il mutum ne mai kunyar surukai, bai iya cewa a'a sau biyu ba. Wannan kunyar ce ta ja masa.

Washegari Bukari ya kai Barewa garejin wani ɗan Chadi mai suna Muntaka a Bobigny. Ya fito yana kaɗa makulli a yatsa.

"Tayoyin nej nake so, guda biyu."

"Huɗu dai, Malam Bukari."

"Biyu na ce. Ka ga na bayan nan? Su ne kwalliyar Barewa. Ka cire su ka sa mata sirara masu zane, ai ka aske mata gira ke nan. A gaba za ka sa."

"Motar nan fa da baya take turawa."

Bukari ya kwashe da dariya har da dafa bango. "Da baya! Muntaka, ka taɓa ganin ayarin raƙuma? Wa ke fasa hanya, madugu ko na ƙarshen layi? Ka taɓa ganin an ɗaura jaki a bayan amalanke? Inji yana gaba, fitila tana gaba, ni direba gaba nake kallo. Ita kanta nej ɗin ta gaba za ta fara zuwa. Me baya ya sani?"

"Ka taɓa tuƙi cikin nej kuwa?"

"Nej ɗin me? Rairayi ne da ya ji sanyi. Ni da na keta Tenere!"

Muntaka ya ɗauko jak. Da ya gama ɗaura tayoyin a gaba sai ya dafa murfin motar ya yi mata addu'a doguwa, ita kaɗai, bai sa mai ita a ciki ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba suka kama hanya. Bayan motar ɗan ƙarami ne, buhun gero guda ya cika shi, geron da za a dama wa maijego kunu. Kwandon goro da dabino kuwa sai a cinyar Baba. Shigar dattijon ma sai da ta zama aiki. Ga babbar riga bisa kwat, ga rawani, ga sanda. Da ƙyar aka naɗe shi aka tura, gwiwoyinsa suka tokare masa gemu.

"Ɗana," ya ce daga bayan kwando, "wagga mota ta, ko makara anka sa ma taya?"

"Za ka saba, Baba. Kafin mu kai Lyon sai ka roƙe ni in bar maka ita."

Babbar hanya an zuba mata gishiri, baƙa ƙirin, ba ko ɗigon ƙanƙara a kanta. Barewa tana ta sheƙa gudu, Bukari yana ta sheƙa baki. Duk motar da ya wuce sai ya ba Baba tarihin kuskuren direbanta.

"Ka ji yadda tayoyin gaban nan ke cizon kwalta? Ka ji?"

"Ban ji komi ba sai ƙahwata da ta mutu."

Suna wuce Beaune sama ta yi fari, nej ta fara sauka a hankali. Bukari ya yi murna kamar an aiko masa baƙuwa daga gida. Ya ratse wurin hutawar matafiya, ya fito, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gindin tayar baya da ɗan tsinke. Sai ji ka yi fiiiii.

Baba ya sauke gilashi. "Mi kaka yi?"

"Sirrin Sahara, Baba. In taya ta yi laushi sai ta baje ta kwanta kan rairayi. Na gaba sababbi ne, ba a taɓa su. Na baya su za su sha horo."

Wani direban babbar mota, Bature, ya tsaya da kofi a hannu yana kallo. Ya ce wani abu da Faransanci, ya nuna tayar, ya nuna sama. Bukari ya ɗaga masa babban yatsa ya ce, "Ça va aller, chef!" wato ba komai, maigida. Sannan ya waiwayo wurin Baba. "Ka gani? Tambaya yake a ina na koya."

"Ni na ji kamar ya ce kana da iyali?"

Suka koma hanya. Yanzu kam Barewa ta canza tafiya. Gabanta yana tafiya sak, bayanta yana kaɗawa hagu da dama. Baba ya zaro carbi.

"Ɗana, bayan motarka na son ya wuce gabanta."

"Rausaya take, Baba. Murnar suna."

Allah dai Ya tsare, gishirin hanya ya rufa musu asiri har suka shiga Lyon. A nan ne suka sauka daga babbar hanya, suka faɗa titunan da motar share ƙanƙara ba ta riga ta bi ba. A shataletalen farko Bukari ya murɗa sitiyari, gaban mota ya amsa nan take, shi kuma ya taka mai don Baba ya ga gwaninta. Baya ya ce bai san zancen ba. Barewa ta juya a kan kanta, ta sake juyawa, gidaje suka wuce su, suka dawo suka sake wucewa. Kwando ya tashi, goro ya yi ruwa cikin mota. Da ta tsaya, hancinta yana kallon hanyar da suka fito.

Baba ya ciro goro daga cikin rawaninsa, ya duba shi, ya mayar kwando.

"Motar ga ta hi mu hankali. Paris taka so ta koma."

"Da gangan na yi. Gwada birki nake."

"To ya ci jarrabawa?"

Bukari ya lallaɓa ya juya ta, suka ci gaba da rarrafe, masu keke suna wuce su.

Unguwar su Salmanu, Minguettes, a kan tudu take, dogayen benaye tsaye a samansa. Hawan ba wani hawa ba ne, tsohuwa da jakar cefane tana yin sa kullum. Barewa ta sa kai, ta ɗan taɓa, ta tsaya. Bukari ya taka mai. Inji ya yi kururuwa, mota ta kaɗa gindi, ta zame baya kaɗan ta jingina da gefen titi, daidai tashar taram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari.

Waya ta yi ƙara. Salmanu ne.

"Yaya, ina hango wata jar mota daga taga. Kai ne?"

"Ni ne. Na tsaya ne inji ya huce."

"Liman ya zo tun ɗazu, an yi azahar, kuma yana da wani sunan a Villeurbanne kafin la'asar. Don Allah ka bar motar nan ka tako da ƙafa."

"Da ƙafa? In shigo sunan takwarana da ƙafa kamar mai rabon wasiƙa? Ka ce wa mata su tsaya a taga. Da hon zan shigo."

Ya kashe waya, ya fito, ya buɗe bayan mota ya kinkimo buhun gero. Ba rairayi a Vénissieux, amma gero ai ɗan'uwan rairayi ne. Ya kwance bakin buhu ya tuttule shi gaban tayoyin gaba, ya baje da ƙafa, ya koma ya taka mai. Barewa ba ta motsa ba. Abin da ya motsa tattabaru ne. Ban san wa ya gaya musu ba, amma kafin ka ce kwabo duk tattabarun unguwar sun hallara, sun rufe gaban motar, wasu har kan gilashi.

Daga can saman bene wata taga ta buɗe, muryar mace ta keto sanyi. "Innalillahi! Geron kunun maijego!"

Baba Mika'il ya buɗe ƙofa, ya fito da ƙafa ɗaya, ya jira ta farfaɗo, ya fito da ɗayar. Ya tattara goro da dabino, ya rungume kwando. Taram na tahowa, tana ƙararrawa a hankali. Ya dubi Bukari, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya yi maganar.

"Ɗana, taho mu hau. Tasha guda ta. Suna naka na, ni ban zo ƙwace ba."

Bukari ya dubi taram ɗin, cike da mutane da lema da jakunkuna. Ya dubi Barewa. Ya dubi tagogin da suka cika da kallabi. Ya san dattijon gaskiya ya faɗa, kuma har ƙafarsa ta ɗan ɗaga. Sai ya tuna 'yan shayin Belleville, da yadda labarin zai riga shi isa.

"Ni da na keta Tenere in shiga taram? Je ka, Baba, ka ce a dafa shayi. Zan riga ka."

Ƙofar taram ta rufe da Baba da kwandonsa.

Ba a jima ba sai ga mazan suna sun gangaro, Salmanu ya turo su taimako. Mutane ne cikin shadda fara da shuɗiya, sabuwar guga, sun ɗora jaket a sama, suna taka ƙanƙara da takalman salla. Bukari ya ji ƙarfi ya dawo masa, ga runduna ta samu.

"Darduma! A kawo mini darduma! A Sahara farantin ƙarfe muke sawa, amma darduma ma ta yi."

Aka koma aka naɗo babbar dardumar da aka shimfiɗa wa baƙi a falo. An ce sai da aka ta da mutane daga kanta da faranti a hannu. Bukari ya kori tattabaru, ya shimfiɗa ta gaban tayoyin gaba, ya jera mazan a bayan mota.

"In na ce bismilla, ku tura!"

Suka dafa. Ya ce bismilla, ya nutsa ƙafa cikin mai har ƙasa. Faffaɗan tayoyin nan na baya suka juya a wuri ɗaya, suka kwaso ƙanƙara da laka da baƙin ruwan titi suka watsa wa jama'a daga hula har takalmi. Wani Alhaji Umar Faruk, da ya ɗinko shaddarsa musamman daga Maraɗi, ya tsaya hannu a buɗe yana kallon ƙirjinsa.

"Bukari! Uban wa ya ce ka yi mana wanka?"

"Turawarku ce ba daidai ba! Kun fi ƙarfi ta hagu!"

Wata tsohuwar Baturiya, Madam Anne, tana tsaye a tasha da ɗan karenta cikin riga, ta ga komai tun daga zuwan tattabaru. Ta matso ta ƙwanƙwasa gilashi da yatsa, ta ce masa cikin ladabi, ita dai ba ta san mota ba, amma tun ɗazu tayoyin baya take gani suna juyawa, na gaba suna hutawa abinsu.

Mazan da ke ɗiga suka zuba masa ido.

"Na sani mana," in ji Bukari. "So nake in ga ko a cikinku akwai mai lura. A mayar da darduma baya!"

Aka ja darduma, aka cusa bakinta ƙarƙashin tayoyin baya. Wannan karon ba wanda ya yarda ya taɓa motar, suka koma can baya suka yi sahu suna kallo. Wayar Bukari tana ta ruri a aljihu, ya ƙi dubawa. Ya gyara zama, ya leƙa sama ya tabbatar mata suna taga, ya danna hon sau biyu, ya taka.

Tayoyin suka cafki darduma suka harba ta baya gaba ɗayanta. Ta tafi a shimfiɗe bisa ƙanƙara ta share ƙafafun sahun nan, Alhaji Umar Faruk da mutum uku suka zauna a kanta ba shiri, ta ɗan yi gaba da su. Barewa kuwa ta yi tsalle ɗaya, gaba ya kama, baya ya zagayo, ta juya ta cusa gindinta cikin tulin ƙanƙarar da aka tara gefen titi. Inji ya yi tari ya mutu. Hancinta, kamar ɗazu, yana kallon Paris.

Karen Madam Anne ne kaɗai ya yi magana.

Sai guɗa ta tashi daga saman bene, doguwa, ta mata da yawa. Taga ta sake buɗewa, wata Hajiya mai murya kamar lasifika ta leƙo ta sanar wa duk unguwa.

"An raɗa suna! Yaro ya ci sunan Mika'ilu! Allah Ya raya Mika'ilu!"

Masu shaddar da ta jiƙe suka amsa da amin daga kan darduma. Bukari yana zaune riƙe da sitiyari, tattabaru sun dawo kan geronsu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya fito, bai ko kulle motar ba, ya kama hawan tudu da ƙafa. Abin haushin, tafiyar ba ta kai ta shan kofin shayi ɗaya ba.

A ƙofar bene ya yi kiciɓis da liman yana saurin fita. Liman ya ba shi hannu ya ce, "Sannu da hanya, Malam Bukari. Mun ga isowarka, dukanmu."

Falo ba darduma, baƙi suna zaune kan kwali da jaridu. Baba Mika'il yana kan kujera, jariri a hannunsa cikin farin zane, gemunsa da ɗan dabino a maƙale. Salmanu ya sunkuyar da kai. Rékia ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ta dubi yayan mijinta tun daga jiƙaƙƙen takalmi har geron da ke cikin gashinsa.

"Yaya, sannu da zuwa. Kada ka damu, na gaba naka ne." Ta ɗan dakata. "In Allah Ya sa da bazara aka haife shi."

Falo ya ɗauki dariya, har da waɗanda ke matse riga a banɗaki. Bukari ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa.

"Ai ni da na keta..."

Sai idonsa ya sauka kan yaron, ɗan mitsitsi, yana motsa baki yana lasar zaƙin dabinon da wani ya tauna masa.

Baba Mika'il ya miƙe a hankali, ya miƙa masa shi.

"Zo ka ɗauki Mika'ilu, ɗana. Hannu biyu hwa. Ka tallabe gaba, ka tallabe baya."

Bukari ya sa hannu biyu ya karɓa, bai yi gardama ba.